Tambaya da Amsa: Mazubin Harsashi da Tukunyar Dalma a Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Talata Mafara, kuma gidanmu gidan farauta ne tun kaka da kakanni. Da mahaifinmu ya rasu, bindigarsa ta toka ta faɗo a rabona, tare da wani ɗan mazubi na ƙarfe mai kama da awartaki, wanda yake zuba narkakkiyar dalma a cikinsa ya fitar da harsashi. Damuwata ita ce harsashin da mazubin ke fitarwa ya yi wa bindigar kaɗan, yana yawo a cikinta, idan na auna biri ko gyadon da ke yi mini ɓarna a gona sai ya bi wata hanya daban. Na ga wani Bature a YouTube yana faɗaɗa ramin mazubinsa a gida, shi ya sa nake roƙon ka bayyana mini yadda zan yi wa nawa. Ina da tsofaffin baturan mota guda 2 da na ajiye don in ciri dalmarsu. A tsakar gida nake narkarwa, a kan murhun uwargida bayan ta sauke tuwo.
Daga wani mai karatu a ƙaramar hukumar Talata Mafara.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Malam, gara in faɗa maka tun da wuri cewa ba zan bayyana hanyar faɗaɗa mazubin harsashi a wannan fili ba, domin abin da aka buga a mujalla ba ya zaɓar hannun da zai faɗa, kuma kai da kake zaune a Zamfara ka fi ni sanin abin da harsashi ya yi wa ƙauyukanmu a shekarun nan. Ban ɗauke ka mai mugun nufi ba, wasiƙarka ta manomi ce da ɓarna ta ishe shi. Sai dai akwai abubuwa a cikinta da suka fi tambayar da ka yi nauyi, musamman layinta na ƙarshe, wanda na karanta har sau uku.

Bari mu fara da Baturen naka. A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, kuma kamfanoni irin su Lee da Lyman da RCBS suna ƙera mazubai na alminiyum ko na ƙarfe domin wannan harka. Waɗannan mutane suna auna faɗin harsashi da kashi ɗaya cikin 1,000 na inci, wato abin da bai kai kaurin silin gashin kai ba, suna da kayan awon da ke nuna wannan bambanci, suna da littattafan da aka gwada kowane awo a ɗakin gwaji kafin a buga, kuma bindigogin da suke sa harsashin a ciki an ƙera su da ƙarfen da aka san iyakar ƙarfinsa. A Ingila tun shekarar 1813 aka kafa wani gida a birnin Bamingam wanda aikinsa shi ne gwada bututun bindiga da albarushin da ya wuce ƙima, sai wanda ya jure ake buga wa hatimi a sayar. Bindigar da ka gada kuwa, mai yiwuwa maƙerin gari ne ya haɗa ta shekaru da dama da suka wuce, tsatsa da gishirin albarushi sun daɗe suna cin cikinta, kuma babu mai iya gaya maka yawan matsin da za ta ɗauka kafin ta buɗe.

Wannan yawon da harsashin ke yi, wanda kake gani a matsayin aibi, wata ƙila shi ne ya tsare hannun mahaifinku duk tsawon rayuwarsa. Idan albarushi ya kama, iska mai zafi ce ke cika bututun nan take tana neman mafita. Harsashin da ya matse, ko wanda ya tsaya a rabin hanya saboda tokar da ta taru, yana toshe mata hanya, sai ta nemi wurin da ƙarfen ya fi rauni, wanda sau da yawa yake kusa da inda hannun hagu ke riƙe da bindigar, ko kusa da fuska. Ina yaro akwai wani dattijo mai sayar da igiya a kasuwar garinmu wanda yatsu biyu kaɗai suka rage masa a hannun hagu, da su yake murza igiyar a kan cinya, kuma kowa ya san cewa bindigarsa ce ta fashe a wata farautar rani. Ƙari a kan haka, cikin bindigar toka sumul yake, ba shi da zanen nan mai murɗe da ke sa harsashin bindigar zamani ya tafi yana juyawa a miƙe, saboda haka ko ka faɗaɗa mazubin ba za ta zama mai saiti daga nesa ba. Kuma ƙarfen da aka kankare daga mazubi ba ya komawa.

Sai maganar doka, wadda zan taƙaita. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma take aiki har yau, ta raba bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙewa, akwai irin na farautar zamani da ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan akwai masu ɗuri ta baki irin taka, waɗanda lasisinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa kamar gona, don haka ko da mahaifinku yana da takarda, ba ta rufe ka ba. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Wasu suna kafa hujja da sanarwar da gwamnatin Zamfara ta yi a watan Yuni na 2022, lokacin Gwamna Bello Matawalle, cewa jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, amma su kan manta cewa a wancan lokacin rundunar 'yan sanda ta fito ta ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan. A irin yanayin da ake ciki, mutumin da aka samu da mazubi da tarin harsashi a ɗakinsa zai sha wahala kafin ya gamsar da jami'in tsaro cewa biri yake nema. Ka je wurin Sarkin Baka ko shugaban ƙungiyar mafarautan yankinku, ku tafi tare ofishin 'yan sanda a daidaita matsayin bindigar, a nan ma za ka samu masu taya ka korar dabbobin idan amfanin gona ya nuna.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai, wato murhun uwargida.

Daga Talata Mafara zuwa Anka ba wata tafiya ba ce mai nisa, kuma abin da ya faru can bai kamata ya fita daga ran kowane mutumin Zamfara ba. A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kula. Daga nan sai ƙananan yara suka shiga ciwon ciki da amai da jijjiga, suna suma, suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu komai. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, wato MSF, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jini aka auna, sai aka tarar da dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da ita, kuma a cikin gidaje ake daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji, dubbai kuma suka kamu, wasu suka rayu da makanta ko shanyewar jiki ko raunin ƙwaƙwalwa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje da fatanya, aka kwashe ta aka binne, aka zubo sabuwa, kafin a iya fara ba yara magani da fatan zai yi amfani, domin yaron da aka wanke wa jini aka mai da shi kan gurɓatacciyar ƙasa zai sake kamuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Za ka iya cewa wancan dutsen zinariya ne, naka kuwa ɗan gwangwani ne da ludayi. Dalmar dai ɗaya ce. Tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin da wutar gawayi ke wucewa nesa idan ana fifita ta, kuma da zarar zafin ya yi yawa sai ta fara tashi a hayaƙin da ido ba ya gani, ya sauka a bango da rufin madafa da murfin tulu. Wannan baƙar kumfar da ke taruwa a saman narkakkiyar dalma, wadda kake kwashewa da cokali ka yar a gefen murhu, idan ta huce gari take zama, ta gauraye da toka, gobe da safe uwargida ta share ta da tsintsiya ƙura ta tashi, kaji su tona, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsewa, kuma babu wani adadi nata a cikin jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Ba ta ruɓewa a ƙasa kamar taki. A jikin mutum kuwa ƙashi take shiga ta zauna shekaru, har idan mace ta sami ciki ta fito ta bi jini zuwa ga ɗan tayi. Abin da ya sa ta fi sauran guba wayo shi ne ba kullum take kayar da yaro ba. Sau da yawa sai dai a ga ba ya cin abinci, yana yawan kuka, maganarsa ta yi jinkiri, idan ya shiga makaranta karatu ya ƙi zama, a ce daƙiƙi ne, alhali murhun gidansu ne ya ci masa basira. Kai kanka ba ka tsira ba, domin a jikin manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda da raunin haihuwa.

Baturan nan guda 2 kuwa, ina roƙonka kada ka fasa su. Ruwan da ke cikinsu asid ne mai cin fata da makantar da ido, kuma farantan da ke ciki ba tsurar dalma ba ce, akasarinsu wani baƙin gari ne na dalma da ke watsewa da zarar an buɗe, ga wasu sinadarai da aka gauraya waɗanda dattinsu ke fitar da iska mai guba idan ya haɗu da laima. Su kansu Turawan da ke zubin harsashi suna gargaɗin junansu da su guji dalmar batir. A wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda iyayensu suna fasa tsofaffin batura suna tankaɗe ƙasar don sayar da dalmar. Ka mai da su wurin dillalin batir a cikakkensu ya rage maka kuɗin sabo.

Idan ka riga ka sha narkar da dalma a wannan murhu, ka kwashe tokar da ƙasar da ke kewaye da shi bayan ka yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ka binne su nesa da rijiya da gona, ka zuba sabuwar ƙasa, sannan ka kai yaran gidan da ba su kai shekara 5 ba asibiti, da duk mai juna biyu, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ake yi a gidan, ka nemi a auna musu dalma a jini. Ma'aikatan lafiya a Zamfara sun san wannan awo.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni masunci ne a Yauri, kuma mu ma muna narka dalma muna zuba ta a mazubi don yin nauyin bakin birgi, wasunmu kuma suna sayen ta falle-falle su yanka su naɗe a igiya. Sana'ar da muka tashi muka tarar ke nan. Shin akwai hanyar da za mu ci gaba ba tare da mun cutu ba?
Daga wani Basarke a Yauri, Jihar Kebbi.

AMSA: Barka kadai, Malam. Taka tambayar ta fi sauƙin amsawa, domin nauyin birgi ba ya kashe kowa sai kifi, kuma na san birgin da ba ya nutsewa da sauri ya rufe ba birgi ba ne. Dalma ta samu karɓuwa a wurinku ne saboda nauyinta ya ninka na ruwa fiye da sau 11, ga taushi, ga arha, ƙarfe kuwa bai kai sau 8 ba, kuma yana tsatsa ya ci zare. Duk da haka, a taru da sauran manyan komaye da ba a jefawa da hannu, dutse ko gasasshen yumɓu ko dunƙulen siminti suna yin aikin, kuma da irinsu aka yi su a ƙasar Kabi da Yauri tun kafin a san batir. A Ingila tun 1987 aka hana sayar da ƙananan nauyin dalma na masu fatsa, bayan an gano cewa tsuntsayen ruwa suna haɗiye su suna mutuwa.

Idan ya zama dole a narka, to aikin ya bar gida gaba ɗaya, ya kuma bar bakin ruwa inda ake wanka da wanke kifi. Shawarata ga Sarkin Ruwa da dattawan sana'a ita ce a ware wuri guda a bayan gari, a fili, mutum ɗaya ko biyu su riƙa yi wa kowa, maimakon kowane gida da nasa gwangwanin. Mai aikin ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya bar wutar daidai yadda dalmar za ta narke kawai, kada ya bari gwangwanin ya yi ja. Ya ware riga da takalmin da zai bari can, ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya taɓa abinci ko goro ko taba, kuma kada a ɗauki yaro ko da ɗan miƙo gawayi ne. Dattin da aka kwashe a sama a tara shi a gwangwani mai murfi.

Akwai wani haɗari da ya fi kusa da ku masu aikin ruwa. Ɗigon ruwa ɗaya idan ya shige ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana zama tururi nan take, ya kumbura fiye da ninki 1,000, ya watsa dalmar sama kamar an jefa dutse a kwata. Tsohon nauyin da aka ciro daga jiƙaƙƙen birgi aka jefa a tukunya mai zafi, ko mazubin da ya kwana a raɓa, ko ma gumin goshi, kowane ɗaya ya isa ya raba mutum da idonsa. A shanya komai ya bushe ƙayau, a ɗumama mazubin a gefen wuta kafin a zuba. Sai kuma ɗabi'ar nan da na gani da idona a bakin kogi, ta matse dalma a kan igiya da haƙori saboda hannu biyu suna riƙe da koma. A nemi ƙaramar filaya, kuɗinta bai kai na kifi ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya taɓa aron wata ƙaramar tukunyata ya narka dalma a ciki. Na goge ta da toka da soson ƙarfe har ta yi fes. Zan iya dama wa jaririna koko a cikinta?
Daga wata uwargida a Gummi.

AMSA: A'a, Malama, kada ki dafa komai a cikinta, ko ruwan wanka. Dalma tana maƙalewa a ƙananan ramukan ƙarfe inda soso ba ya kai wa, kuma abu mai tsami irin koko ko tsamiya ko tumatir shi ya fi jawo ta ta fito. Ki sa a huda gindinta da ƙusa don kada wata ta tsinta ta ɗora a wuta, ki haɗa da cokalin da ya yi amfani da shi da soson da kika goge ta.

Tun da kin ambaci jariri, ki duba kwallin da kike sa masa a ido. Yawancin kwallin dutse mai ƙyalƙyali da ake sayarwa a kasuwanninmu dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bincika sai aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, wanda awo ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri yana murza ido ya tsotsi yatsa, ta nan take shiga. Ki dakatar da kwallin, kuma idan za ki kai jaririn awon asibiti na gaba, ki tafi da 'yar tandun kwallin ki nuna wa ma'aikaciyar jinya.